Yadda Ake Toshe Yoyon Rufin Tsohuwar Land Rover Kafin Marka Ta Kankama

Tsohuwar Land Rover mai rufin da ake kwancewa, ko 'yar gajeriyar nan 88 ko doguwar 109 (tazarar ƙafafun gaba da na baya ke nan a inci), ba a ƙera rufinta a dunƙule ba. Gunduwa-gunduwa ne aka haɗa: saman rufi na alminiyam, indararon da ya kewaye shi an ɗaure da ribit, allunan gefe masu tagogi, ƙofar baya, sai firam ɗin gilashin gaba. Duk inda biyu suka haɗu akwai roba ko gam a tsakani. Series III, wadda ake gani a garejojin Sabon Gari da Tudun Wada na Zariya, an ƙera ta daga 1971 zuwa 1985, ke nan ko autar cikinsu ta ba shekara arba'in baya ko tana dab da haka. Robar da ta sha hunturu da bazarar Zariya tsawon wannan lokaci ta riga ta zama busasshen ƙirgi. Haka labarin yake ga Toyota Land Cruiser FJ40, sai dai ita saman rufinta na faiba ne, indararo da gefuna kuma ƙarfe.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne a sayo silikon a bi kowane tsagi ana shafawa. Mahaɗan rufin nan iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mahaɗar da ba a sake buɗe ta har abada, wato ɗinkin indararo da kawunan ribit: wannan gam mai kamawa take so. Akwai kuma mahaɗar da aka yi ta don a kwance, wato tsakanin gefuna da bakin akori, da tsakanin rufi da firam ɗin gilashi: wannan roba take so, da abin toshi marar bushewa. Wanda ya juya su ya yi gyaran gangar auzinawa, don ranar da zai ɗaga rufin sai ya lanƙwasa alminiyam kafin gam ya saki.

Lokacin aiki

Mafi dacewa shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta lafa, kafin hadarin farko ya taso daga gabas. A yi aikin a inuwa, da sassafe. Da tsakar ranar bazara rufin alminiyam yana zafin da hannu ba ya iya zama a kai, kuma gam ɗin da aka matsa a kan ƙarfe mai zafi haka yana yin kumfa a ciki. Idan sai da damina ta sauka aka farga, to a samu rumfa, a bar motar kwana biyu ba ta taɓa ruwa ba kafin a fara. Ruwan da ya maƙale cikin ɗinki ba ya bushewa a wuni guda a watan Agusta.

Nemo mashigar ruwa tukuna

Inda ruwa ke ɗiga ba nan ya shiga ba. Yakan shiga ta kusurwar baya, ya bi haƙarƙarin rufi ta ciki, ya sauko a gwiwar direba sa'ad da aka taka birki. Don haka a cire silin ɗin ciki idan akwai, a fitar da tabarmin ƙasa, a goge ko'ina ya bushe. A barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a bakin akori ta ciki, da ƙasan tagogi, da saman firam ɗin gilashi. Ruwa in ya bi ta kan hoda yana barin sawu kamar na tururuwa a rairayi, kuma sawun nan ne zai kai ka tushe.

Mutum biyu ake bukata, ɗaya a ciki da tocila da alli, ɗaya a waje da tiyo ko buta. Kada a kai ta wurin wankin mota a sa injin feshi, ƙarfinsa yana tura ruwa ta inda ruwan sama ba zai taɓa shiga ba, sai ka yi ta farautar abin da babu. A bar ruwa ya riƙa gangarowa a hankali. A fara daga ƙasa a yi sama: bakin akori, sai tagogin gefe, sai kewayen ƙofofi, sai gilashin gaba, sai indararo, saman rufi a ƙarshe. Kowane wuri a tsaya minti 3 zuwa 5. In aka fara daga sama, ruwan zai jiƙa komai lokaci guda, ba za a san mai laifi ba. Na ciki yana ganin ɗigo sai ya buga bodi, ya zana alama a wurin. Bayan an gama a fili mai daidai, a sake gwadawa gaban motar yana sama, sannan yana ƙasa, domin wani yoyon sai a gangare yake nuna kansa.

A lura da abu guda da ke ruɗar mutane. Rufin alminiyam mai falle ɗaya yana gumi ta ciki da asubar marka, musamman in an kwana da jiƙaƙƙen buhu ko tabarmi a motar. Gumi yana fitowa ɗigo-ɗigo ko'ina a shimfiɗe, yoyo kuwa yana da hanya guda. Maganin gumi soso ne da za a manna a cikin rufin da barin iska ta shiga, ba gam ba.

Kayan da za a tanada

Na ɗinkin indararo: gam na foliyuretan, irin Sikaflex 221 ko makamancinsa, ko kuma wanda aka rubuta MS a jikinsa. Bututu mai mililita 300 yana ba da zaren gam mai kaurin milimita 5 na tsawon mita 12 zuwa 15. Kewayen indararon 109 wajen mita 9 ne, saboda haka bututu ɗaya ya isa, biyu in za a bi ta ciki ma. A duba ranar ƙarewar aiki a gindin bututun, a matsa shi da yatsa. Wanda ya daɗe a shago cikin zafi yakan daskare rabi tun ba a buɗe ba.

Silikon mai warin ruwan tsami kada ya kusanci motar. Tsamin da yake fitarwa yayin bushewa yana cin ƙarfe, fenti ba ya kama shi, kuma duk inda ya taɓa zama wani gam ba ya riƙewa sai an kankare har ƙasa. Kwalta da narkakken leda su ma haka: rana tana narkar da su, hunturu ya tsattsaga su.

Na mahaɗan da ake kwancewa: robobin motar na asali in an samu, a Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. In ba a samu ba, a nemi sosan roba baƙi na EPDM mai gam a bayansa, faɗin milimita 25 zuwa 30, kauri 6 zuwa 8. Gwajinsa mai sauƙi ne: yanki guntu ka tsoma a ruwa ka matse. In ya sha ruwa kamar sosan wanka, mayar wa mai shago, wannan zai riƙe ruwa ne a jikin ƙarfenka ya haifar da tsatsa. Sai nadi guda na butil, wani baƙin abu mai danƙo kamar cingam wanda ba ya bushewa.

Sauran su ne ribit na alminiyam mai milimita 4.8 mai toshasshen gindi, bakin dirila na milimita 5 da na 3, samfefa mai lamba 80 da 180, buroshin roba, sifirit, tsumma mai tsabta, tef ɗin masu fenti, gam ɗin Evo-Stik, firamar alminiyam, da sababbin kusoshi masu rufin zinki tare da wosha. Kusoshin bodin Series akasari na ma'aunin inci ne, sifana 7/16 da 1/2 ke kama su daidai. Lamba 11 da 13 suna shiga, amma 13 tana da ɗan sako-sako, tana cinye kan notin da ya yi tsatsa. FJ40 kuwa 10 da 12 ne akasari.

Sauke rufin

Kwana guda kafin aiki a fesa wa kowane noti man kwance tsatsa. A cire wayar fitilar ciki da ta baya, a cire ƙofar baya, a sauke kariyar ɗaukar kaya ta saman rufi idan akwai. Kafin a taɓa sifana, a zana da fensir inda ƙafar kowane allon gefe take zaune a bakin akori, a kuma ɗauki hoton duk wata wosha ko ɗan ƙarfen ciko da aka tarar. Waɗannan ba shara ba ne, wani ne ya sa su don ƙofa ta zauna daidai.

A kwance kusoshin saman gilashi, sai na kusurwoyi, sai na gefe. Mutum huɗu su ɗaga, kowa a kusurwarsa, a tare. In tsohon gam ya riƙe, a zura siririyar wuƙar fenti a yanka shi, kada a sa ƙarfen taya a banƙare. Alminiyam ɗin Land Rover in ya miƙe ba ya komawa yadda yake. A ajiye rufin a kan tsofaffin tayoyi huɗu, ba a kan daɓe ba.

Indararo, inda mafi yawan matsalar take

A nan za a ɓata rabin lokacin aikin, kuma ya cancanta. Cikin indararon akwai tsohon gam da ya tsage, ƙurar hunturu ta cika tsagin, ganyen darbejiya ya ruɓe a kai. Ƙurar nan tana riƙe laima kwana da kwanaki bayan ruwa ya ɗauke. A kankare duka da ƙaramar sukundireba da aka dakushe bakinta, a bi da buroshin roba da samfefa 80 har sai ƙarfe ya fito fes. Kada a sa buroshin waya na baƙin ƙarfe a kan alminiyam, yana barin ɓurɓushinsa a ciki, daga baya wurin ya yi ta fitar da farin gari.

Farin garin nan shi ne tsatsar alminiyam. Yana fitowa ne inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe, ruwa kuma ya shiga tsakaninsu. Duk inda aka gan shi a goge har ya ƙare, a shafa firama. In ya ci har ya huda, a yanko facin alminiyam da ya zarce ramin da santimita 2 ta kowane gefe, a shafa gam a bayansa, a ɗaure da ribit. Kada a bari mai walda ya kawo wutar lantarki da sandar ƙarfe kusa da wurin, fallen siriri ne, ƙonewa zai yi. In tsagewa ce, a huda ɗan rami na milimita 3 a kowane ƙarshenta kafin a yi faci, ramin ne ke hana ta ci gaba da tafiya.

A bi ribit ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda yake juyawa, ko yake da baƙin zobe kewaye da kansa, ya saki. A huda shi da bakin dirila na 5, a tsoma sabon cikin gam kafin a zura, a ja. Ribit na kasuwa da aka saba da shi yana da rami a tsakiya, ruwa yana bi ta nan kai tsaye. In shi kaɗai aka samu, a cike ramin kansa da gam.

Sai a goge da sifirit, ba fetur ba, ba kananzir ba, su biyun suna barin maiƙo. A jira minti 10 zuwa 15 sifirit ya tashi sarai, domin ragowarsa tana hana foliyuretan bushewa. A manna tef a gefe biyu na ɗinkin, a bar tsakani milimita 8. A yanke bakin bututun a karkace, a riƙa tura bindigar matsa gam gaba maimakon janta baya, don gam ya shige cikin tsagin ba ya kwanta a samansa kawai ba. A yi mita ɗaya, a lallashe da yatsa cikin safar roba da aka ɗan jiƙa da ruwan sabulu, a ci gaba. A cire tef tun gam yana ɗanye. Kada a cika indararon ya zama daidai da baki, hanyar ruwa ce, in ta toshe sai ruwan ya malalo ta saman ƙofa.

Foliyuretan da laimar iska yake bushewa, kimanin milimita 3 a awa 24 in iska tana da ɗan danshi. A busasshiyar iskar Maris yana jan lokaci. A ba shi kwana uku, a kuma yayyafa ruwa a ƙasan rumfar safe da yamma. Bayan ya bushe a shafa fenti a kai, domin rana tana cin foliyuretan tsirara, ya yi gari-gari cikin 'yan shekaru.

Mai FJ40 ya duba ƙarƙashin indararonsa da kyau, tsatsa tana ɓuya tsakanin faiba da ƙarfen. Tsagewar faiba ana goge ta santimita 5 ta kowane gefe daga ciki, a shimfiɗa tabarmar faiba falle biyu da ruwanta. A zafin bazara ɗigon maganin daskarewa kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, in ba haka ba zai kama a gwangwani kafin a kai buroshi.

Bakin akori da saman gilashi

A kankare tsohuwar roba, a goge bakin akori. Kafin a manna sabuwa, a ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya ko a ja zare daga gaba zuwa baya. Motar da ta yi shekaru tana dakon buhunan masara daga Giwa ko Soba sau da yawa bakin akorinta ya lotsa a tsakiya. Lotsawar milimita 2 zuwa 3 roba za ta cike ta. In ta wuce haka, sai fanel bita ya gyara tukuna, ba a tara roba falle biyu, ta saman tana zamewa.

A manna robar a jikin rufin, ba a jikin akori ba, don in an sauke rufi da rani a ɗauki kaya kada a yage ta. Kada a ja ta yayin mannawa. Robar da aka miƙe tana komawa cikin 'yan makonni ta bar giɓi a kusurwa. Inda baki biyu za su haɗu, a yanka su a karkace, a bar rarar milimita 3 su matsi juna, kuma mahaɗar kada ta faɗo a kusurwa. Ramin kusa a huda shi da bututun ƙarfe mai kaifi, ƙasa da kaurin kusar kaɗan, don roba ta shaƙe ta.

Kusurwoyi biyu na saman gilashin gaba, inda rufi da firam da kan ƙofa suka haɗu, roba ba ta taɓa rufe su duka. Nan ne aikin butil. A mulmula kamar girman ƙwallon dabino a cusa a kowace kusurwa. A naɗa ɗan siririnsa kuma ƙarƙashin woshar kowace kusa da kanta yake waje.

Mayar da rufi

A sassauta abin da ke riƙe firam ɗin gilashi don ya iya motsi kaɗan. Mutum huɗu su sauke rufin daga sama kai tsaye, kada a ja shi a kan roba. A zura sukundireba biyu a ramukan kusurwa su yi jagora. A sa dukkan kusoshi da hannu, ko ɗaya kada a ɗaure, kowace an shafa mata ɗan giris a zarenta kaɗai, ba a jikin roba ba, domin mai yana kumbura EPDM.

Yanzu a rataya ƙofar baya, a rufe ƙofofin gaba, a duba tazarar da ke kewaye da kowace. A auna ramin ƙofar baya daga kusurwa zuwa kusurwa ta hannu biyu, bambancin kada ya wuce milimita 3 zuwa 4. In ya wuce, a tura rufin gefe har ya daidaita. Ƙofa ita ke faɗin inda rufi zai zauna. Wanda ya ɗaure rufi tukuna sannan ya koma kokawa da ƙofa zai kwana a gareji.

A ɗaure daga gilashin gaba a yi baya, hagu da dama bi da bi, zagaye uku, kowane zagaye kaɗan. Ma'auni shi ne robar: mai milimita 8 ta koma 5, mai 6 ta koma 4. In aka matse ta ta zama fallen takarda, ta mutu, ba ta da sauran ƙarfin bin motsin bodi a kan hanya mai gargada, kuma alminiyam zai lotsa kewaye da kusar ya zama ɗan kwano mai tara ruwa.

Ƙofofi, tagogi da ramukan da ba a toshewa

A gwada robar ƙofa da takarda: a maƙala ta a rufe ƙofa a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, wurin a buɗe yake. A bi kewayen duk taƙi guda. Sau da yawa kan ƙofar Series ne ya buɗe waje, don kusoshi biyu da ke riƙe shi cikin gangar ƙofar sun ci tsatsa. Wannan sabuwar roba ba ta maganinsa, sai an canza kusoshin ko kan ƙofar. Inda roba ke bukatar mannawa, a shafa Evo-Stik a fuska biyu, a jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa.

'Yan tagogin iska biyu da ke ƙarƙashin gilashin gaba suna da nasu soso, kuma ruwan da ke jiƙa ƙafar direba yawanci daga nan yake, ko daga robar ƙasan firam. Gilasan da ke zaune cikin roba, kamar 'yan dogayen nan na kafaɗar rufi, a canza robar in ta tsage. A wasu gilasan ana zura igiya cikin tsagin robar, a shafa ruwan sabulu, ɗaya ya danna gilashi daga waje, ɗaya ya ja igiya daga ciki.

Tagogi masu zamewa an yi su ne ruwa ya shiga kwatarsu ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasa. Haka ƙasan ƙofofi. Ƙura da gidan zanzaro suna toshe ramukan, ruwa ya cika ya malalo ciki, mai mota ya ɗauka roba ce. A zura waya a buɗe su, a zuba ruwa da buta a ga yana fita waje. Kada gam ya taɓa su.

Bayan kwana uku a maimaita gwajin tiyo kamar na farko, daga ƙasa zuwa sama. A fita da motar a hanyar da ba kwalta na kilomita 20 zuwa 30 don bodi ya murɗa, a dawo a sake gwadawa. Bayan mako guda a bi kusoshi, kowace za ta karɓi kamar kwatan juyi saboda roba ta zauna. In za a mayar da kariya, a sa guntun robar tsohon tiyub ƙarƙashin kowace ƙafa, a raba ƙafafun su yi yawa a kan indararo, manyan buhuna kuma su shiga cikin akori, domin nauyin da ke jijjiga a sama shi ne ke fara tsaga sabon ɗinki a kusurwoyin gaba.